Shekarar da Na Yi Cigiyar Buzuna

Na ji abin da kuke faɗa a bayan idona, wai salula ce ta cinye mini kafaɗa. Uwarku ce ta ƙirƙiro maganar, babbanku ya ɗauka ya kai maƙera, yanzu har jikoki in an tambaye su me ya sami hannun kakansu sai su ce intanet. To ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin mai kafaɗar, don kada in bar duniya a riƙa ba da labarina a karkace.

Shekarar da likita ya hana ni ɗaukar masaɓa, ita ce shekarar da na san zama yana da nauyi. Tun ina yaro nake maƙera a nan Ƙonni, daga jan zugazugi har na gaji uwar maƙerar mahaifina, ƙarfen da ake duka a kansa. Rana ɗaya aka ce kafaɗar dama ta gaji, in na sake dukan ƙarfe da ita ba za ta tashi ba. Na miƙa wa babbanku maƙera na koma zaure. Abokan fadarmu kuwa, waɗanda muke shan shayi muna musu da su, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu ƴaƴansu sun kwashe su zuwa Yamai, wanda ya rage kuma kunnensa ya toshe, sai ka gama zaginsa ya ce amin. Ni kuma mutum ne da in bai yi musu ba tuwo ba ya wuce masa. Na fara yi da uwarku, ta ce ita ba ta da lokaci. Na koma kan awaki. Da ƴar'uwarku Rabi ta zo hutu daga lakwal ɗin da take koyarwa a Malbaza ta tarar da ni ina yi wa bunsuru faɗa a kan yadda yake tauna, sai ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar salularta.

"Baba, ga wanga. Akwai mutane ciki masu rubutu kullum, kowa da shafinai. Bulog aka ce musu. Ka samu waɗanda za ka yi musu da su, ka bar dabba ta huta."

"In same su ina? Na san gidajensu?"

"Ba sai ka sani ba. Ka ga wurin ga fari? Nan kaka rubuta abin da kaka biɗa, ita ta kawo ma."

Na ce ashe cigiya ce, irin wadda ake ba mai shela ranar kasuwa. Tun daga ranar nake kiran wurin nan akwatin cigiya, kuma ban ga dalilin canzawa ba. Karatun boko na yi shi a ajin manya, Hausa kawai, don haka duk abin da ta kawo da Faransanci sai in ture. Na lura in ka yi mata cigiya da Hausa, har ka sa sunan gari, sai ta tono maka mutanen da ba ka taɓa zaton suna rubutu ba. Yatsuna kuwa wuta ta daɗe da mayar da su kamar itace, ba wanda ke shiga haruffan nan sai ɗan ƙaramin. Da shi na yi duk abin da za ku ji.

Kafin hutun ya ƙare na tara shafuka har sun fara ɓace mini, in karanta mutum yau gobe in neme shi in rasa. Sai Rabi ta sa mini wata manhaja mai tara su wuri ɗaya, wadda in mutum ya yi sabon rubutu sai ɗigo ja ya fito a gefen sunansa. Ta ce in raba su kashi-kashi in ba kowane kashi suna, kamar noma, addini, labarai. Na ce wannan rabon malaman lakwal ne. Na raba su yadda nake raba abin da ake kawo mini maƙera. Masu magana mai nauyi, irin wani mai garkar albasa a Badaguishiri da ke bayanin yadda yake adana iri, na sa su a Ƙarfe. Masu ƙara ba nauyi, Gwangwani. Waɗanda ba su san komai ba kuma ba su san ba su sani ba, Toka. Rabi ta ce in goge ƴan Toka mana tunda ba sa amfanar da ni. Na ƙi, domin da su nake karya kumallo, in karanta ɗaya raina ya ɓaci, jini ya motsa, sannan in sha kunu.

Wata safiya na rubuta "maƙera" da "raƙumi" a akwatin cigiya, ina son in ga ko akwai wanda ya tuna lokacin da muke yi wa masu raƙuma zobe da ƙararrawa. Sai ta kawo wani shafi mai suna Shayin Gardi. Mai shi bai sa sunansa ba, bai sa fuskarsa ba, sai hoton wata shuɗiyar butar shayi da aka ɗaure hannunta da waya, ɗaurin da duk wanda ya yi shi bai kamata a bar shi kusa da ƙarfe ba. Na fara karantawa. Mutumin ya tashi cikin dabbobi a wajen Tajaye, fari ya cinye su, ya koma gadin kayan mutane. Yana rubuta rijiyoyin da ya sani, da yadda ake gane sawun raƙumin da ya gaji, da yadda uwarsa ke shanya cuku. Hausarsa irin tamu ce, ba ado, amma in ya kwatanta wuri sai ka ji kamar yashin na shiga takalminka. Ban taɓa karanta abin da ya kama ni haka ba. Can cikin rubutun sai na ga ya ce "mu Buzaye". Na ajiye salula na yi kabbara, har uwarku ta leƙo.

"Lahiya, Malam?"

"Na samu nawa! Buzu na, wallahi Buzu na!"

Ku da kuka tashi a gidan nan kun sani, amma saboda jikokin da ke Yamai bari in faɗa. Tsakanin maƙeri da Buzu akwai wasa tun kaka da kakanni. In Buzu ya shigo maƙera, ba na gaishe shi sai na tambaye shi raƙumin wa ya sato yau, shi kuma ya ce in wanke fuska tukuna don ya gane da mutum yake magana ko da gawayi. Ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Kuma duk maƙerin da ya ga Buzu ya yi masa gaisuwar mutunci kawai, to ya nuna ba ya yi da shi ke nan. Na buɗe masa kashi na huɗu shi kaɗai, na sa wa kashin suna Nawa. Sannan na gangara ƙasan rubutun, wurin da masu karatu ke barin magana, na rubuta masa da ɗan yatsana: Kai Buzu, wa ya ba ka salula? Ka mayar wa mai ita.

Washegari ya amsa. Ya ce, Allah ya ba ka haƙuri, Baƙo, da gumina na saye ta. Na yi dariya har na ƙware. Na ce wannan gwani ne, irin masu sanyin nan da ke barinka ka zuba, su tara maka. Har Baƙo ya kira ni, don ya nuna bai ma san da zamana ba. Abin da ban sani ba a lokacin, Rabi ba ta sa mini suna a salular ba, kuma duk wanda bai sa suna ba haka shafin ke kiransa. Ni dai na ci gaba. Duk safiyar da ɗigo ja ya fito a gefen Nawa, ranar ta yi kyau ke nan. In karanta sau biyu, in karanta wa uwarku tana tankaɗe, sannan in zauna in ƙera masa zagi mai kyau, ba na gaggawa ba. Ya yi rubutu a kan rawani, na ce ƙarya ce, kunnuwa yake ɓoyewa. Ya yi a kan shayi, na ce da ruwan wankin buta yake yaudarar baƙi. Shi kuma kullum amsarsa ɗaya, Allah ya ba ka haƙuri.

Sai ranar da ya rubuta labarin Tamalat. Taguwa ce, wato raƙuma, ita ce ta ƙarshe da ta rage masa a shekarar farin. Ya ba da labarin yadda ya riƙa cire ciyawar rufin bukkarsa yana ba ta, da yadda ta durƙusa kusa da wata rijiya ta ƙi tashi, ta ɗora kanta a cinyarsa kamar yadda take yi tun tana ƙarama. Na karanta a zaure ni kaɗai, kuma ina gaya muku gaskiya, na yi kuka. Rabon da in yi hawaye tun rasuwar mahaifiyata. Na tuna uwar maƙerata da ke can wani na duka ba ni ba. Na ji ina ƙaunar mutumin nan da ban taɓa gani ba, na ce lallai yau sai na yi masa abin da ya fi na kullum, don ya san ya kai. Na share ido na rubuta: Ba fari ya kashe ta ba, gajiya ta yi da jin surutunka.

Bai amsa ba. Da aka kwana biyu na taɓa sunan shafin, sai salula ta ce babu shi. Na ɗauka rezo ne, wato sabis, ya ɗauke, na fita bakin titi na ɗaga ta sama, na koma bayan masallaci inda yara ke cewa ya fi ƙarfi. Shiru. Na kira Rabi, ta ce in ya ce haka to mai shi ne ya rufe. Na kasa cin abinci. Ƴan Toka ma na karanta su ban ji haushin komai ba. Can sai dabara ta zo mini, na ce mutum yana iya canza gida amma ba ya canza abin da ke ransa. Na rubuta "Tamalat taguwa Tajaye" a akwatin cigiya. Kafin in ɗaga kai ta kawo wani sabon shafi, Inuwar Gawo, ga labarin nan an sake sa shi, ga shuɗiyar buta. Daɗi ya kama ni kamar an ce an ga ɗana da ya ɓata. Na ce wato ɓuya muke yi yanzu, wasa ya yi nisa. Na jefa shi cikin Nawa, na rubuta: Ɓarawon raƙumi, ka ɗauka in ka canza rawani ba zan gane ka ba?

Wannan ma ya rufe. A karo na uku ya yi wayo, bai ambaci Tamalat ba, bai sa buta ba. Na yi cigiya da duk abin da na tuna, tana kawo mini masu sayar da raƙuma da masu maganin basir. Na kusa haƙura, sai na tuna yana da wata magana tasa, ba ya cewa hadari sai ya ce "tsohon gabas ya ɗaure fuska". Na rubuta ta yadda take. Shafi ɗaya tak ya fito a duk duniya. Na yaba wa akwatin nan ƙwarai a ranar, na ce da muna da irinsa lokacin da jakin mahaifina ya ɓata da ba mu sha yawo ba. Na yi masa sallama irin wadda ta dace: Ko rijiya ka shiga sai na zaro ka. Da safe ɗigo ja ya fito. Rubutun gajere ne. Ya ce, na gaji, zuciyata ba ta ɗauka, duk wanda na ɓata wa ya yafe ni. Daga nan ɗigon bai sake fitowa ba.

Na karanta wa uwarku. Na ce ciwon zuciya ne, mutumin nan yana kwance, wataƙila ma an yi sadakar uku ban sani ba. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Malam, ba kai ba ne kak kore shi?"

"Ni? Ni da nika raya mai shafi? Wa ka kula shi in ba ni ba?"

"To ni dai in wani ya bi ni gida uku yana ce min ɓarauniya, sai in kai shi wurin jandarma."

"Ke ba Buzuwa ba ce, ba ki san daɗin abin ba."

Ta ɗauki rariyarta ta ce Allah ya kyauta. Ni kuwa na riga na yanke shawara, sai na je, in mai rai ne in duba shi, in ya riga mu in yi wa iyalinsa gaisuwa. Saura in san inda yake. Na bi shafukan Ƙarfe ɗaya bayan ɗaya ina neman mai maganar gardi, har na koma kan mai albasar nan na Badaguishiri. A wani tsohon rubutunsa ya sa hoton ma'aikatansa suna hutawa a gindin mangwaro, ya ce ga shayin gardinmu Agali. Fuskar ba ta fito ba, amma a gabansa ga shuɗiyar buta da mugun ɗaurin nan na waya. Ko a cikin buta dubu zan gane wannan ɓarnar.

Nan ne maganar kafaɗa ta shigo. Maƙeri ba ya zuwa wurin Buzunsa hannu sake, kuma ba ya kai masa aikin wani. Na shiga maƙera da hantsi na ce wa babbanku ya matsa. Ya tsaya a gabana.

"Baba, likita ya hana. Hwaɗa min abin da kaka so, in yi ma yanzun ga."

"Aikinka na masu saye na. Wanga daga hannuna za ya fito."

"Don wani da ba ka taɓa gani ba? Wanda ko sunanka bai sani ba?"

"Ya sani mana. Matsa."

Na yi ɗan murhun shayi mai ƙafa uku, irin wanda ake ratayawa a sirdi. Dukan farko na ji daɗin da na manta da shi. Wajen lanƙwasa ƙafa ta ƙarshe wani abu ya ce ƙas a kafaɗata, zafi ya tafi har haƙori. Na ƙarasa da hagu. Daga ranar hannun dama bai ƙara wuce ƙirjina ba, kuma ba zai wuce ba. Babbanku ya yi wata guda ba ya haɗa ido da ni, uwarku ta ɗaure mini hannu da tsohon zane tana faɗa tana hawaye. Ba salula ce ta riƙe masaɓar ba, ni ne, da hankalina, kuma da za a mayar da ni ranar zan sake ɗauka.

Da jiki ya ɗan lafa na shiga mota, murhu a buhu, goro a aljihu saboda ko ta'aziyya ce. Muka karya a Tsarnawa muka kama hanyar Tawa. Duk hanya ina shirya abin da zan ce wa matarsa. A Badaguishiri na tambayi garkar mai albasa mai rubutu a salula, wani ɗan kabu-kabu ya kai ni har bakin shinge. Na shiga ina salati. A gindin mangwaro sai ga wani dogon mutum siriri, rawani har hanci, yana fifita gawayi a cikin gwangwanin tumatir, ga shuɗiyar buta a kai. Lafiyarsa ƙalau. Wallahi ban san lokacin da buhu ya faɗi ba. Farin ciki ya rufe ni, na buɗe baki da abin da ya fara zuwa.

"Ɓarawon raƙumi! Ashe ba ka mutu ba!"

Mafici ya tsaya a hannunsa. Ya miƙe a hankali, kuma ya yi ta miƙewa, don Allah ya ba shi tsawo. Ya ɗauki sandarsa.

"Kai na Baƙo?"

"Ni na! Na zaro ka ko ban zaro ka ba?"

Ban taɓa sanin ina da sauran gudu ba sai ranar. Na zagaya mangwaro, ya zagaya. Na faɗa cikin fangalin albasa da hannu ɗaya a ɗaure, takalmi ya maƙale a laka, masu ban ruwa suka yar da bokiti suka taho, mai garka na ihu a bar masa albasa. Mutum biyu suka riƙe shi. Ni har lokacin dariya nake, ina cewa wannan Buzu ya iya wasa, har da sanda. Sai rawanin ya zame na ga fuskarsa. Idonsa ya yi ja, ba alamar wasa.

"Bawan Allah, mi niy yi maka? Hwaɗa min gaban mutanen ga. Dabbobina sun ƙare, ɗiyana sun tahi Libiya, abin da yar rage min shi na in zauna in rubuta abin da nis sani. Kab bi ni wuri uku. Na bar barci. Na tahi wurin malami ya yi min rubutu na sha. Na zauna ina tuna duk wanda nit taɓa ɓata ma rai tun ina yaro. Har Tamalat ba ka bari ba. Mi niy yi maka?"

Dariyar ta mutu a bakina. Na duba mutanen da suka kewaye mu, kowa kallon mugu yake yi mini. Kunya da tausayi suka kama ni.

"Ni hwa maƙeri na," na ce.

Ya daina ƙoƙarin ƙwacewa.

"Maƙeri?"

"Ɗan maƙeri, jikan maƙeri, daga Ƙonni."

"To ina kar rubuta?"

"Sai an rubuta? Duba hannuna!"

"Cikin salula wa ka ganin hannunka, tsohon banza?"

Ban taɓa tunanin haka ba, ko sau ɗaya. Duk rayuwata ban taɓa gaya wa kowa sana'ata ba, a kasuwa ko a tasha ana ganin tabon wuta da baƙin farce an san da wa ake magana. Na miƙa masa hannun hagu. Ya kama, ya juya shi, ya shafa tabon, har ya sunsuna. Sai ya saki sanda ya zauna daɓas a kan kunyar albasa. Kafaɗunsa suka fara girgiza, na kasa gane kuka yake ko dariya, ina jin shi ma bai sani ba. Mai garka ya riga kowa fashewa, sauran suka bi.

"Kusan shekara," in ji Agali yana share ido da bakin rawani, "ɗan toka na zagina ina ba shi haƙuri. Ni! Ina ce mai Allah shi ba ka haƙuri! In dangina sunka ji wanga, ba su ƙara shan shayina."

Daga nan ya fara biya. Ya fara daga hancina ya gangara har kakana na bakwai. Ya ce an halicci maƙera ne da ragowar hayaƙi, ya ce gudun da na yi cikin albasa ko kaza mai ƙwai ta fi ni tsari. Da na fito da murhu ya juya shi ya ce ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, kuma gaskiya ne, ita ce wadda na yi da hagu. Amma nan take ya juye garwashin daga gwangwani zuwa cikinsa. Na zauna a laka ina shan zagi ina shan shayi, rabon da in ji daɗi haka tun fadarmu na cike. A kofi na biyu na tambaye shi yaushe zai koma rubutu. Ya girgiza kai.

"Na bari. Kullum ina ganin kamar duk mai karantawa dariya shika min."

Wannan ya fi sandar ciwo. Na matsa kusa don kada masu ban ruwa su ji, na gaya masa abin da ban gaya wa ko uwarku ba. Na ce ranar da na karanta Tamalat na yi kuka, na ce a duk shafukan da na tara ba wanda ya kama ƙafarsa, na ce shi kaɗai ke da kashi nasa a salulata. Ya ajiye kofinsa.

"Da ka rubuta hakanga sau guda."

"Maƙeri ya yabi Buzu? Gaban jama'a?"

"Gaban jama'a kaz zage ni."

Ya zaro salularsa, ya yi ƴan taɓe-taɓe, ashe shafin farko bai goge shi ba, ɓoyewa ya yi. Ya buɗe Shayin Gardi ya kai kan labarin Tamalat, inda maganata ke nan zaune a ƙasa. Ya ce in fito da tawa salular, mai garka ya sa mini suna. In ina son ɗigo ja ya sake fitowa, to in rubuta abin da na faɗa yanzu, da sunana da sana'ata da garinmu. Na ce a yi mini rangwame, in faɗa a baki gaban shaidu. Ya ƙi. Na ce akwatin cigiya ba ya mantuwa, duk maƙerin da ya nemi sunana har jikokina zai gani. Ya ce shi ya sa. Na dubi ɗan yatsana, na dubi mutumin, na yi bisimilla. Na rubuta: Ni Mamman maƙeri na Ƙonni, ni ne Baƙo. Wannan labarin ya sa ni kuka. Ban taɓa karanta wanda ya fi shi ba. Ina jin tun da aka fara hura wuta a gidanmu ba a taɓa yin abin kunya irin wannan ba, kuma na yi shi da rana tsaka a gaban masu albasa.

Ya karanta. Ya zuba mini kofi na uku, ya raka ni bakin hanya, ya ce wa direba a sa ni kusa da taga saboda warin gawayi. Mun wuce Tsarnawa, fitilun Ƙonni ba su ma fara kunnuwa ba, sai salula ta motsa a aljihuna. Na ciro da hagu. Ja ya fito a gefen Nawa. Sabon rubutu ne mai tsawo a kan rijiyar da Tamalat ta durƙusa, amma kafin in fara na ga ya amsa maganata, a wurin da kowa zai gani.

Ya ce: Jama'a, kada ku yarda da shi. Maƙeri ba ya kuka, hayaƙi ne ya shiga idonsa.